Man da ke ƙarƙashin gonarka, naka ne ko na gwamnati?

Sagiru_Tanko: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun jiya wata magana ta tsaya mini a rai. Malaminmu ya ce a Amurka idan aka gano mai a ƙarƙashin gonar mutum, man nasa ne. Kamfani ne zai zo ya lallaɓa shi, a ƙulla yarjejeniya, ya riƙa biyansa kaso daga duk abin da aka haƙo. A yawancin ƙasashe kuwa, har da Najeriya, saman ƙasa ne naka, abin da ke ciki na gwamnati ne. Ni a ganina nan gizo ke saƙar. Da jama'a ne ke da mallakar arzikin da ke ƙarƙashinsu, babu kamfanin da zai malalar musu da mai a rafi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Masana shari'a, ku gyara mini in na kauce.

Barista_Hauwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminku bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa maka zancen ba. A Amurka ana iya sayar da saman fili daban, a sayar da abin da ke cikinsa daban. Sai ka sayi gona ka zauna shekara ashirin, rana ɗaya wani ya zo da takarda cewa kakansa ya riƙe haƙƙin ƙarƙashi tun kafin a haife ka. A jihar Texas kuma mai haƙƙin ƙarƙashi ne ke da rinjaye: yana iya shigo da injinansa gonarka gwargwadon buƙatar aikinsa, ko kana so ko ba ka so. Ban da haka, fiye da rubu'in ƙasar Amurka a hannun gwamnatin tarayya take, man cikin teku mai nisa ma nata ne. A Najeriya kuwa sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ne ya danƙa ma'adinai da mai da gas ga gwamnatin tarayya. Ba mu kaɗai ba ne. Ingila ta mayar da man ƙasarta mallakar masarauta tun 1934, Meziko ta rubuta nata a sashe na 27 na tsarin mulkin 1917. Amurka ce bare a cikin dangi.

Injiniya_Bala: Bari in ɗora kan maganar Barista. Sagiru, wannan mallakar ta ɗaiɗaikun mutane ita ta haifar da ɓarna mafi muni a farkon tarihin mai. Ka san mai ba ya zama wuri ɗaya kamar dutse, yana gudana a ƙarƙashi. Kotunan Amurka suka ce duk wanda ya zuƙo ta rijiyarsa, nasa ne, ko daga ƙarƙashin maƙwabcinsa ya kwararo. To me kake zato? Kowa ya hau haƙa dare da rana kada maƙwabci ya riga shi. A gabashin Texas a 1931 abin ya kai gangar mai ta faɗo zuwa kusan santi 10, sai da gwamna ya tura sojoji suka rufe rijiyoyi. Har yau a faɗin Amurka akwai rijiyoyi sama da 100,000 da masu su suka gudu suka bari a buɗe, suna tsiyayar gas. A 2021 majalisa ta ware dala biliyan 4.7 don toshe su, kuɗin talaka mai biyan haraji.

Sagiru_Tanko: To na ji. Amma duk da haka mai gona a can yana ganin kuɗi a hannunsa. A inda gwamnati ke riƙe da komai fa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Umman_Fadila: Wannan kam gaskiya ce.

Zaharaddin_MK: Idan mallakar gwamnati ce cutar, yaya za ka yi da Norway? Man su na gwamnati ne ɗari bisa ɗari. An gano babban filin mai na Ekofisk a 1969. A 1971, tun kuɗi bai fara shigowa sosai ba, majalisarsu ta zauna ta tsara ƙa'idoji goma na yadda za a tafiyar da mai, ciki har da cewa ba za a riƙa ƙona gas a iska ba sai na ɗan gwaji. Kamfanin mai yana biyan harajin kashi 78 cikin ɗari na riba. Kuɗin kuma ba ya shiga kasafi kai tsaye, asusu ake zuba shi, wanda aka kafa a 1990 aka fara sa masa kuɗi a 1996, gwamnati tana cin kimanin kashi 3 cikin ɗari a shekara. Yanzu asusun ya haura dala tiriliyan 1. Mallakar gwamnati a can, mallakar gwamnati a nan. Ba a takardar mallaka bambancin yake ba.

Kawu_Habu: Zaharaddin ɗana, duk muhawarar da aka yi sai an jawo Norway. Mutum miliyan 5 da rabi ne fa. Kuma kafin mai ya zo suna da kotuna masu aiki da ma'aikata masu tsoron doka. Ka kawo mana misali daga ƙasar da ta fara daga babu.

Zaharaddin_MK: Kawu, ga Botswana. Ta samu 'yanci a 1966 tana cikin matalautan duniya. Shugabanta na farko Seretse Khama ya shawo kan sarakuna suka miƙa haƙƙin ma'adinai ga gwamnatin tsakiya a 1967, alhali lu'ulu'un Orapa a yankin ƙabilarsa yake. Suka yi kamfanin Debswana, rabi nasu rabi na kamfanin lu'ulu'u na De Beers.

Kawu_Habu: Wannan na karɓa, ta fuskar kuɗi. Ta fuskar mutanen daji da aka tasa daga Kalahari kuwa, sai da kotu ta ce a 2006 an kore su ba bisa ƙa'ida ba. Kowace riga da inda take yagewa.

Ustaz_Nuhu: In an ba ni dama in shigo da ɓangaren fiƙihu, domin shi ma tsarin shari'a ne kuma ya daɗe yana wannan muhawara. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, ko da a filin wani aka same su, shi zai ba wanda ya ga maslaha. Wasu mazhabobin sun ce ma'adinin da ke daskare yana bin filin, wanda ya mallaki ƙasa ya mallake shi. Ka ga saɓanin da ke tsakanin Amurka da sauran duniya malamai sun riga sun yi shi. Sannan akwai hadisin da ya ce Musulmi sun yi tarayya cikin abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Akwai kuma harimin rijiya da na kogi, wato tazarar da ba a yarda wani ya yi gini ko shuka a ciki ba. Abin lura, malaman da suka ba shugaba wannan iko ba su ce dukiyarsa ba ce. Amana ce ta jama'a.

Barista_Hauwa: Allah ya ƙara ilimi Malam. Kusan kalmar da Afirka ta Kudu ta yi amfani da ita ke nan a dokar ma'adinai ta 2002: arzikin na al'umma ne, gwamnati mai riƙo ce kawai.

Dan_Tahoua77: Ni ina bayan Sagiru, amma ta hanyar itace, ba mai ba. A Nijar dokar daji da aka gada daga Faransa ta sa itatuwa a hannun hukuma. Manomi ya sare reshen gawo a gonarsa, jami'in gandun daji ya ci shi tara. Me ya biyo baya? Kowa ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, don kada ya girma ya zame masa fitina. Daga shekarun 1980 abin ya fara sassautawa, manoma suka ga in sun reni itace su za su ci moriyarsa, sai suka koma barin kututture ya toho suna yi masa aski. Daga baya dokokin karkara da na daji suka biyo sahu. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a fili hekta miliyan 5. Babu dokar hani da ta taɓa yin rabin wannan.

Injiniya_Bala: Misali mai kyau, amma itace yana tsaye inda ka bar shi, kuma in ka kula da shi kai ne za ka sha inuwa. Rijiyar mai ribarta taka ce, hayaƙinta na kowa. Shi ya sa abin da ya yi wa gawo magani ba lalle ya yi wa mai ba.

Sagiru_Tanko: Na gode Dan_Tahoua77, yau dai na samu abokin tafiya.

Maman_Ilham: Ku yi haƙuri in faɗi abin da idona ya gani, don na yi shekara shida ina aikin rubuta rahoton tantance illar aiki ga muhalli. Wannan tsarin Amurka ce ta fara shi da dokar da aka sa wa hannu ranar 1 ga Janairun 1970, yanzu da wuya ka sami ƙasar da ba ta kwafa ba. Najeriya ta yi nata a 1992. A takarda duk kusan iri ɗaya ne. Amma wa ke biyan mai rubuta rahoton? Mai aikin da ake tantancewa. An taɓa kawo mini wani rahoto in duba, na wani kamfanin fasa dutse, na tarar a ciki ana bayanin kifayen bakin teku, alhali wurin aikin ko tafki babu. An kwafo na wani aiki ne ba a ko canza ba. Na mayar, aka ce ina da taurin kai, aka ba wani ya sa hannu. Taron jin ra'ayin jama'a kuma an yi shi ne bayan motocin haƙa sun riga sun iso. Don haka idan ana kwatanta dokokin ƙasashe, ni ba na duba abin da aka rubuta. Ina tambaya ne: talaka zai iya ganin rahoton? Zai iya kai ƙara ya tsayar da aiki? Turawa sun yi yarjejeniyar Aarhus a 1998 a kan waɗannan abubuwa, Latin Amurka ta yi ta Escazú a 2018.

Umman_Fadila: Kifi a kan dutse! Allah ya kyauta.

Barista_Hauwa: Maman Ilham ta taɓo inda ke ciwo. Ku dubi wannan. Afirka ta Kudu ta sa haƙƙin samun muhalli mai lafiya a sashe na 24, cikin jerin haƙƙoƙin da kotu ke tilastawa. Kenya ta sa a sashe na 42 na tsarin mulkin 2010, har da kotu ta musamman ta muhalli da filaye. Najeriya tana da sashe na 20 da ya ce gwamnati za ta kare muhalli, amma yana cikin babi na 2, wanda sashe na 6 ya hana kotu bin diddiginsa. An ba ka da hannun dama, an karɓe da hagu. Indiya ma a irin wannan babin ta sa nata, amma alƙalansu suka zagaya ta baya: suka ce haƙƙin rayuwa da ke sashe na 21 ya haɗa da iska da ruwa masu tsafta. Bayan bala'in Bhopal na Disambar 1984, inda iskar guba ta tsere daga wata masana'anta, kotun ƙolinsu ta kafa ƙa'idar cewa mai masana'anta mai haɗari zai biya duk ɓarnar da ta fito daga gare shi, babu uzurin ba da gangan ba ne.

Lawwali_Gidan_Gona: Barista ai an gwada wannan zagayen a Najeriya. A 2005 babbar kotun tarayya a birnin Benin ta ce ƙona gas ya saɓa wa haƙƙin rayuwa, a shari'ar da wani mai suna Gbemre ya shigar kan Shell. An daina? An kafa dokar hana ƙona gas tun 1979, wa'adinta 1984. Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yanzu ya aurar da 'ya.

Barista_Hauwa: Ban musa ba. Hukunci daban, aiwatarwa daban.

Sarkin_Zolaya: Ni abin da na ji ya fi ba ni mamaki, wai a wata ƙasa kogi ya zama mutum. To in ya yi ambaliya ya ci gidana, sammaci zan kai masa? Wa zai karɓa, kada?

Dr_Rabi_A: Sarkin Zolaya, tambayarka ta wasa ita ce ainihin abin da ya rusa lamarin a Indiya. A Maris na 2017 babbar kotun jihar Uttarakhand ta ayyana kogunan Ganga da Yamuna a matsayin masu haƙƙi kamar mutum, ta naɗa manyan jami'an jiha iyayen riƙo. Gwamnatin jihar da kanta ta garzaya kotun ƙoli tana cewa, in kogi ya yi ɓarna mu za a kama? Kuma kogin ya ratsa jihohi da yawa. A watan Yuli aka dakatar da hukuncin. Niyu Zilan kuwa a 2017 ɗin ta yi wa kogin Whanganui doka ta majalisa, bayan 'yan ƙabilar Maori sun shafe fiye da shekara 100 suna fafutuka. Mutum biyu ke magana da yawun kogin, ɗaya daga ƙabilar, ɗaya daga gwamnati, kuma an ware kuɗin kula da shi. Kada abin ya ba ka mamaki. Kamfani ma ba ya numfashi, amma yana kai ƙara ana kai shi. Dabarar ita ce a sami wanda zai tsaya wa kogi a kotu ba sai ya nuna shi kansa ya yi asara ba.

Sarkin_Zolaya: To Dakta, na janye sammacin.

Zaharaddin_MK: Ekwado ta riga su duka, tun tsarin mulkin 2008 ta ba halitta haƙƙi. Kuma a Agustan 2023 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 59 cikin ɗari suka ce a bar man wani yanki na dajin Yasuní a ƙasa. Ƙasa mai bashi a wuya ta zaɓi daji a kan mai.

Kawu_Habu: Sun zaɓa. Wa'adin shekara guda da kotu ta bayar na rufe rijiyoyin ya cika suna aiki. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Lawwali_Gidan_Gona: Ni abin da ke ƙona mini rai bambancin farashin ɓarna ne. Rijiyar BP ta fashe a tekun Meziko a Afrilun 2010, mutum 11 suka mutu, kamfanin ya amince da biyan dala biliyan 20.8 ga gwamnatin Amurka da jihohi, ban da abin da ya kashe wajen shara da diyyar mutane. Bhopal, inda dubbai suka mutu, dala miliyan 470 aka sasanta a 1989. Yankin Ogoni da mai ya gurɓata a Neja Delta kuwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan 1. Manoman Neja Delta da suka kai Shell ƙara a Holan a 2008 sai Janairun 2021 suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara, aka daidaita a kan yuro miliyan 15. Wasu daga cikin masu ƙarar ba su ga ranar ba, 'ya'yansu ne suka ƙarasa.

Barista_Hauwa: Amma ka lura da ƙofar da ta buɗe. A 2019 kotun ƙolin Birtaniya ta yarda mutanen Zambiya su kai kamfanin Vedanta ƙara a Landan kan gurɓatar ruwa daga mahaƙar tagulla, a 2021 ta sake yarda a shari'ar Okpabi da mutanen Neja Delta suka shigar kan Shell. Da can uwar kamfani sai ta ce ba ruwanta, 'yarta ce ta yi. Yanzu wannan mafakar ta fara yoyo.

Lawwali_Gidan_Gona: Yaya Hauwa, abin kunya ne dai a ce sai an haye teku kafin a sami adalci.

Shugaban_Zaure: Jama'a mun yi nisa. Tambayar Sagiru a kan mallaka ce. A dawo hanya.

Dr_Rabi_A: To bari in dawo da mu. Sagiru, ina ganin abin da kake nema ikon cewa a'a ne, ba lalle mallaka ba. Ana iya raba su. A Afirka ta Kudu ma'adinai na hannun gwamnati, amma a 2018 babbar kotu ta ce ba za a ba da lasisin haƙa a yankin Xolobeni ba sai mutanen wurin sun yarda, jin ra'ayinsu kawai bai wadatar ba. Filifin ta sa sharaɗin yardar 'yan asalin wuri a dokarta ta 1997. Idan kuma kuɗi a hannu kake so, Alaska man filayenta na jiha ne, amma tun 1982 duk mazaunin jihar yana samun rabonsa duk shekara daga asusun da suka kafa a 1976. Najeriya ta bi wata hanya: kashi 13 cikin ɗari ga jihohin da ake haƙowa, sai dokar man fetur ta 2021 ta ƙara kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikin kamfani ga garuruwan da abin ya shafa. Rabo ne, amma babu ikon hanawa a ciki.

Kawu_Habu: Ikon cewa a'a ma wa zai riƙe shi? Mai unguwa? Dattawa biyar da za a kai otal a ba su ambulan? Kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago.

Injiniya_Bala: Kuma akwai ɓarnar da ba kamfani ne ya yi ba. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, mutanen gari ne ke niƙa dutsen zinariya a cikin gidajensu. A aikace su ke riƙe da ma'adinin, babu wanda ya ƙwace musu. Abin da babu shi ne mai sa ido da mai faɗa musu abin da ke cikin ƙurar.

Dan_Tahoua77: Injiniya, suna niƙawa a ɗaka ne saboda doka ta mayar da su ɓarayi. Wanda ke ɓoyewa ba ya kiran jami'in lafiya.

Sagiru_Tanko: Na karanta duka sau biyu. Na sauka daga kan maganar Amurka, Barista da Injiniya sun kayar da ni a nan. Amma ban sauka daga cewa wanda zai sha hayaƙi shi ya kamata ya riƙe mabuɗi ba. Norway da Zaharaddin ke yabo ai a tsakiyar teku take haƙa, babu gonar kowa a wurin.

Zaharaddin_MK: Akwai masunta. Kuma saboda su har yau ba a buɗe tekun Lofoten ga masu haƙa ba.

Umman_Fadila: Ni tambayata ba a kan mai ba ce. Ruwan ƙarƙashin ƙasa fa? Idan maƙwabcina ya haƙa burtsatse mai zurfi rijiyata ta ƙafe, a wace ƙasa ce zan iya kai shi ƙara?

Barista_Hauwa: Hajiya, a Texas dai kada ki ɓata kuɗin mota, ƙa'idar wanda ya zuƙo nasa ne tana aiki a kan ruwa tun 1904. A Afirka ta Kudu dokar ruwa ta 1998 ta cire ruwa daga mallakar mai fili, ta ce sai an ware na sha da na rayuwar kogi kafin a ba kowa lasisi. Chile kuwa a 1981 ta mayar da haƙƙin ruwa haja, ana saye ana sayarwa, sai a 2022 ta gyara ta sa shan ɗan Adam a gaba. Zurfin rijiyar taki nawa, kuma tun yaushe ya haƙa tasa?